Igiyar Ƙararrawar Mma Sanatu

Masu turo min saƙo kuna cewa, "Haulat, miji irin Garzali ai da hannu biyu ake riƙe shi," na ji, na kuma gode. Ku matso yau in ba ku labarin ranar Talatar nan. In kun gama karantawa har yanzu kuna sonsa, ku yi magana in tura muku lambarsa.

Ga waɗanda yau suka fara bina: sunana Haulat, 'yar Tudun Wadan Zariya. Shekarata ashirin da tara, kuma a wajen Ummata wannan lambar ta fi hawan jini haɗari. Ina aikin kula da tsofaffi a wani gida mai zaman kansa a Madinat Khalifa, nan Doha. Na sauka ƙasar nan wata biyu kafin korona ta rufe duniya. Wata bakwai muka yi a kulle tare da tsofaffin, ba shiga ba fita, igiyar takunkumi har ta yi min kanta a bayan kunne. Mu ne wanka, mu ne canza famfas, mu ne riƙe wa mai barin duniya waya ya yi sallama da 'ya'yansa. Duk tsawon lokacin nan ko ƙeyar Garzali ban taɓa gani ba. Sai da aka yi rigakafi hankali ya kwanta, sannan kamfani ya ɗauko shi daga gadin wani kanti a Al Mirqab, ya yi kwas na sati shida, aka rataya masa kati a wuya wai jami'in inganci da kariya.

Kyau kam Allah ya ba shi, irin na ɗan maciji. Kwat ruwan toka ko ana zafin da ƙarfen mota ke ƙona hannu, takalmi sai ƙyalli, turarensa ya riga shi shiga ɗaki ya kuma ƙi fita bayan ya fita. Kalma ɗaya yake da ita a baki: "standard". Ko shayin karak, mai madaran nan na ƙasar, ka miƙa masa, sai ya kurɓa ya ɗaga gira ya ce wannan ba standard ba ne.

Ɗan Zariya ne shi ma. Kafin in ce uffan ya tura yayyensa gidanmu da goro da alewa. Tun ranar Umma ta ɗauki abin ta aza a ka. Duk Juma'a sai ta kira.

"Ya aiki?"

"Lafiya lau, Umma."

"Ya Garzali?"

"Lafiya lau."

"To madalla. Kin ga atamfar da na tura miki? Ita ƙannenki suke so a yi anko."

Wata goma muna haka. Ba ta taɓa tsayawa ba, ni kuma ban taɓa tsayar da ita ba.

Abu biyu Garzali yake ji da su a gidan nan. Na farko wani farin allo da ke bakin ƙofa, inda ake rubuta yawan kwanakin da aka yi ba tsohon da ya faɗi. Kullum da safe shi zai goge da kansa, ya ƙara ɗaya da koren alƙalami, ya ja da baya ya ɗauki hoto ya tura wa manaja. Na biyu ƙararrawa. Kowane gado yana da igiya mai jan maɓalli a ƙarshenta. In tsoho ya danna, kwamfuta na rubuta minti nawa muka yi kafin mu je. Ƙa'ida minti uku ce. Ƙa'idar ba ta da laifi, wallahi don tsofaffin aka yi ta. Amma mu biyu ne a kan ɗaki goma sha huɗu, kuma akwai ɗaki na tara.

A ɗaki na tara Mma Sanatu take. 'Yar Zangon Kumasi ce, an kawo ta ƙasar nan tun tana budurwa ta yi raino a gidan wasu Larabawa. Ta raini 'ya'ya, ta raini jikoki, da ƙafa ta ƙi sai suka kawo ta nan suna biya, suna kuma zuwa duba ta da dabino da turare. Korona ta kama ta a kullen farko. Ta tashi, amma Larabcin shekara hamsin ya tafi ya bar ta, ba abin da ya rage a bakinta sai Hausarsu ta Zango. A duk gidan ni da Garzali kaɗai muke jin ta.

Mma ba ta san wani abu wai shi taimama ba matuƙar tana jin ƙarar famfo. Salla biyar, alwala biyar, da buta, a banɗaki, a riƙe ta ta zauna a kujerar roba. Ban da walaha. Wani lokacin kuma ta danna ne kawai, in na shigo ta ce, "Ɗiyana, dama so nake in ji ko kina nan." Ƙararrawarta ita ke ɓata wa Garzali lissafinsa na minti uku.

Sai ga takarda: masu binciken inganci za su zo ranar Talata, saura sati uku a fara gasar ƙwallon duniya. Gari duk ya ɗauki tutoci, kowa so yake a gan shi fes. Garzali ya daina cin abinci sosai.

Ranar Asabar na dawo daga hutun kwana biyu, dutin rana, wato aikin yini. Na yi mamakin shirun ɗaki na tara, ga la'asar ta yi. Ina tura ƙofa na gan ta a ƙasa, tsakanin gado da banɗaki, zaninta ya jiƙe, buta ta kife. Ba ta kuka. Tasbihi take da yatsu.

"Innalillahi! Mma, me ya hana ki danna?"

Ta ɗaga ido sama. Na bi idonta. Igiyar ƙararrawar na naɗe a jikin sandar labule, can inda ni mai ƙafa biyu ma sai na hau kujera.

Na kira abokiyar dutina muka ɗaga ta. Kwankwasonta na hagu ya fara yin baƙi. Na fito zan ɗauko takardar rahoto, sai ga mutumin naku a ƙofa, kwamfutarsa a ƙirji.

"Ina zuwa, gimbiya?"

"Rahoto. Mma ta faɗi."

"Kin ga faɗuwar da idonki?"

"Na same ta a ƙasa."

"To ba faɗuwa ta yi ba, zamewa ta yi ta zauna. Akwai bambanci a standard." Ya rage murya. "Kwana ɗari biyu da goma sha ɗaya a allo, Haulat. Kin san wahalar da na sha? Ki bari Talata ta wuce, khalas, shi ke nan, sai a kira likita."

"Wa ya ɗaure igiyar?"

"Na ɗan lokaci ne. Tsohuwar nan wasa take da ita." Ya gyara min bakin hijabi da yatsa biyu, abin da na tsana. "Kuma ɗakin nan sunanki ne a kai. In an rubuta, ke za a tambaya. Disamba za a sabunta kwantiragi, kin san kuma wa ke rubuta bayani a kan kowa. Matata ba za ta kunyata ni ba."

Yanzu ga inda nake so ku daina yabona. Ban rubuta ba. Na hau kujera na kwance igiyar, na shafa mata man zafi, na ce a raina ai na yi nawa. Washegari na tarar an mayar da ita sama, wannan karon an ɗaure da ɗaurin roban nan da ba ya kwantuwa sai da almakashi. Na tsaya na kalle ta, na wuce. Duk minti ashirin ina leƙa ɗakin kamar ɓarauniya, ina gaya wa kaina wannan ma kulawa ce. Da safe kuma ina wucewa ta gaban allo, ɗari biyu da sha biyu, ɗari biyu da sha uku, da kyakkyawan rubutunsa mai lanƙwasa.

Ranar Litinin da yamma na koma gida, na ture tuwon semo gefe. A Mansura muke zaune, ɗaki ɗaya da aka raba da katako, ni da Dorkas, 'yar Kafanchan, nas ce a wani asibiti daban. Akwatin da Garzali ya fara tara min kaya yana ƙarƙashin gadona, leshi biyu da takalmi da jaka, har yanzu da ledarsu. Dorkas na zaune tana tsefe kai na ba ta labari.

Ta ajiye tsinken. "Kwankwaso? Shekararta nawa?"

"Ta haura saba'in."

"Kuma ba a yi hoto ba? Haulat, in ƙashin ya tsage fa? Kin san abin da kwankwaso ke yi wa tsofaffi."

"Na sani."

"To me kike jira?"

"Umma ta gaya wa duk unguwa. Har gidan kawunnaina an kai goro."

"Goro ai an tauna an tofar," in ji ta. "Wannan da ya ɗaure wa tsohuwa ƙararrawa don ta dame shi, ke ranar da kika dame shi me zai ɗaure?"

Wayata ta yi ƙara, Garzali ne. Hoton tikiti biyu na wasan ƙwallo, da saƙo a ƙasa: "Ni da ke, gimbiyata. Gobe ki sa sabon yunifom, ki yi murmushi, ki bar min magana." Ya haɗa da jar zuciya guda uku.

Talata gidan ya koma kamar za a ɗaura aure. Fenti sabo, tukwanen furanni na haya a jere, tabarmin hana santsi a kowane banɗaki, wasu ma ba a ɓare takardar farashinsu ba. Kayan aro dai, an ce ba ya rufe katara. A kan matashin Mma na ga jan maɓalli a ajiye tsaf. Har na ji sanyi a raina, na ɗauka imani ya zo masa. Da na bi igiyar da hannu sai na ji wutsiyarta a cushe ƙarƙashin katifa, ba ta haɗe da komai. Ta gaskiyar tana nan sama, an ja labule an rufe ta. Tsoronsa kada ta danna baƙi na nan.

Shugabar masu binciken wata Balarabiya ce mai manyan shekaru, baƙar abaya, tabarau a ƙarshen hanci, ana ce mata Dakta. Ba ta kalli furanni ba. Ta buɗe firjin magani, ta duba kwanan watan tukunyar kashe gobara, ta sa hannu a ruwan zafi. Sannan ta ce tana son magana da wanda ba ya iya tashi shi kaɗai, ta ɗora yatsa a takarda. Ɗaki na tara.

Manaja ya ce ai tsohuwar ba ta jin Larabci yanzu. Garzali ya matso yana washe baki. "Yarenmu ne, Dakta. Ni zan fassara."

Ni kuma lokacin shayin Mma ne, ina riƙe da tire a bakin ƙofa.

Ya tsaya a kanta ƙerere, hannu a baya, bayansa ya tare labule. "Sannu Mma. Ya jiki?"

"Lafiya lau. Alhamdulillahi."

"Baƙuwa ce ke tambaya, akwai wata matsala?"

"Babu. Sai godiya."

"Ana kula da ke?"

"Ana yi. Allah ya saka."

Ya juya ya fassara da Turancinsa mai santsi. Jama'a, in faɗi gaskiya, ko kalma ɗaya bai ƙara ba, bai rage ba. Abin da ya sa raina ya ƙara tashi ke nan. Ba ya bukatar ƙarya. Ya san mu. Ya san tsohuwar Bahaushiya ko wuƙa ce a cikinta, in baƙo ya tsaya a kanta ya ce ya jiki, lafiya lau za ta ce. Ba a kai kuka a gaisuwar farko, ba a kuma kai wa wanda yake tsaye. Sai an zauna, an gaisa an sake gaisawa, an yi shiru, sannan magana ta fito ta bayan gida. Tarbiyyar da uwarsa ta ba shi ita ya ɗauka ya rufe wa tsohuwa baki da ita.

Dakta ta rubuta wani abu, ta rufe biro. Na ga Umma a idona tana rarraba goro. Na ga Disamba. Sai kawai na ajiye tiren.

"Dakta, a yi haƙuri," na ce da Turanci. "Ba a gama gaisuwar ba."

Garzali ya yi 'yar dariya. "Ma'aikaciyarmu ce, tana da son tsofaffi. Yalla, maza, Haulat, kawo shayin."

Dakta ta dube ni ta saman tabarau. Na ce mata a wajenmu babba ba ya faɗin damuwarsa sai an zauna an gaisa da shi sosai. Ta ce kakarta ma haka take. Ta ja kujera ta zauna dab da gado. Ni na durƙusa a ƙasa, sabon yunifom da komai.

"Mma, ina kwana."

"Lafiya lau, ɗiyana."

"An tashi lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ya sanyin ɗakin?"

"Da godiya."

"Ya kewar gida?"

"Sai haƙuri."

"Ya ƙarfin jiki, Mma?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin, amin."

Na yi shiru. Na ji manaja yana gyaran murya, na ji takalmin Garzali yana motsi a kan tayil. Dakta ta ɗaga hannu ba tare da ta waiga ba, kowa ya tsaya. Mma ta kalli baƙuwar da ke zaune, ta kalle ni, ta gyara bakin mayafinta, ta ja carbi ɗaya, biyu.

"To," ta ce a hankali. "Sai dai igiyan nan."

"Wace igiya, Mma?"

"Na kira. Yaron nan ya ɗaure shi sama. Ni ban ce ya yi laifi ba, yaro ne mai kirki, ni ne na cika damu. Sai dai ranan Asabar da na tashi alwala, ƙasa ya ɗauke ni. Nan wurin," ta dafa kwankwaso, "ba ya bari na yi sujada ko a zaune."

Kun ji fa. Tana kwance da ciwon da ya ja mata, tana kuma nema masa mafita. Na fassara duka, har da yaro mai kirkin, don kada a ce na rage.

Dakta ta ɗauki maɓallin kan matashi ta danna. Shiru. Ta sake dannawa, ta leƙa fitilar saman ƙofa, ba ta kama ba. Ta ja igiyar a hankali, wutsiyar ta zaro daga ƙarƙashin katifa ta faɗo a cinyarta. Ta ce wa Garzali ya matsa daga gaban labulen.

Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a minti ɗaya ba sai ranar. Ya fara, "Dakta, a bisa standard..." ta ce a ba shi almakashi. Da kwat ɗinsa da takalminsa mai ƙyalli ya hau kujerar roban da Mma ke alwala a kai, katin wuyansa na lilo, ya yanke ɗaurin da hannunsa. Aka kira motar asibiti. A bakin ƙofa Dakta ta tsaya gaban allo, ta tambayi ranar da abin ya faru, ta miƙa masa abin gogewa. Ya goge ɗari biyu da goma sha huɗu. Ya rubuta uku. Wannan karon bai ɗauki hoto ba.

Kada ku yi min tafi tukuna. Dakta ta juyo kaina. "Ke kika same ta a ƙasa ranar Asabar?"

"Ni ce."

"Ina rahotonki?"

Na sunkuyar da kai. Ta rubuta sunana daga jikin katina, harafi bayan harafi. Manaja ya ce in same shi a ofis ranar Alhamis. Da ake fitar da Mma a gadon turawa ta kama hannuna ta ce kada in manta da butarta. Hoto ya nuna ƙashin ya tsage, bai karye ba. Kwana uku tana kwance a kai saboda ni.

A jirgin ƙasa na dawowa, cikin samari masu rigunan ƙwallo suna ta waƙa, na kunna waya. Saƙon Garzali biyu. Na farko: "Kin kyauta." Na biyu: "Ke za ki gaya musu a gida ko ni? In ni ne, kin san yadda zan faɗa."

Sama da nasa akwai saƙon murya daga Umma, tun azahar. Na kara a kunne. Guɗa ce ta fara dukan dodon kunnena, muryar ƙannena da ta maƙwabta. Sannan Umma, tana haki don murna: "Haulatu! Yayyensa sun zo da safe, an sa rana! Asabar ta farko bayan an gama ƙwallon nan naku. Yau zan yi barci, 'yar nan. Allah ya rufa miki asiri yadda kika rufa min."

Na saurara sau uku kafin Mansura. Na hau bene, na wuce Dorkas tana soya albasa, na zauna a bakin gado, dunduniyata na taɓa akwatinsa. Na kira.

"Amarya!" in ji Umma. "Kin ji saƙona?"

"Na ji. Ina wuni, Umma."

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Lafiya lau."

"Ya Garzali?"

"Lafiya lau."

"To madalla. Dama zancen atamfar nan..."

"Umma, a tsaye kike?"

"Ina tsakar gida, mutane ne cike. Me ya faru?"

"Ki shiga ɗaki ki zauna. Ba mu gama gaisawa ba."

Hayaniyar ta yi nisa. Na ji ƙarar labulenta, na ji ƙofa, na ji kukan tsohon gadon nan nata mai rumfa da ta zauna. Da ta yi magana, muryar ba ta amarya ba ce, irin wadda take min ce ina ƙarama in na dawo makaranta na ƙi cin abinci.

"Na zauna, Haulatu. Ya kike?"

"Lafiya lau, Umma," na ce. "Sai dai..."